Awon Rigar Bilkisu

Tun watan Sha'aban bai raba ba na kai wa Ɗan Iya atamfar sallar Bilkisu. Duk wanda ya san Ɗan Iya ya san dalili. Shi ne telan garinmu, kuma ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma tun da ya fara taka keke ban taɓa jin wanda ya karɓi ɗinkinsa ranar alkawari ba. Akwai shekarar da ya kawo mini rigar ƙaramar salla ana cikin fiɗar ragon layya. Da na yi magana sai ya ce ai duk salla ce, kuma bawa ba ya zaɓe, don a wasan taubasai ni ɗan mace bawansa ne.

Ranar da na kai atamfar, Bilkisu ta biyo ni don a auna ta. Ita ce 'yar farinmu ni da Furera, shekararta goma sha biyu. A lokacin yarinya ce cikakkiya mai kumatu, irin wadda in ta zauna gaban tuwo sai ƙannenta su janye kwanonsu gefe. Ɗan Iya ya zagaya ta da tef, ya dubi lamba, ya dube ni.

"Kai Mati, me kake ba yarinyar nan? Turmi ɗaya ba zai ishe ta ba, sai ka ƙaro."

Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Baba Ɗan Iya, kai dai ka ɗinka."

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ta. Muka ɗauka na sauro ne, muka yi ta sayen magani a kemis. Sai da cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga muka kai ta Ɗambatta, daga can aka tura mu Kano. Suka ce taifot ne, har ya huda hanji, sai an yi aiki. Ba zan tsaya faɗin abin da na gani a asibitin nan ba, don har yanzu ba na son jin warin magani. A can aka ga watan azumi, a kan benci muka yi ta sahur ni da uwarta. Sai da aka shiga goman ƙarshe aka sallame mu.

Ranar sallamar, likitar da ta yi aikin ta kira ni gefe. Ta ce, "Malam, namu ya ƙare, saura naku. Ta ci abinci, kuma kada a bar ta da damuwa. In ranta ya ɓaci ba za ta ci ba, in ba ta ci ba ciwon ba zai haɗe ba, ku sake dawo mana."

Na riƙe maganar nan kamar karatu.

Muka dawo gida da yarinyar da ban gane ba. Kumatun nan babu, wuya ya fito, idanu sun yi zuru-zuru. In aka ajiye mata abinci sai ta yi loma biyu ta ture. Ba ta kuka, ba ta kuma dariya. Ni kuwa na zama mai gadi. Zakaranmu na kai gidan ƙanena don kada ya tashe ta. Na hana yara gudu a tsakar gida. Madubin Furera na ɗauke na cusa a rumbu. Masu zuwa dubiya kuwa sai in tare su a zaure in yi musu gargaɗi: kowa ta shiga ta ce jiki ya yi kyau, kada in ji wadda ta ce wayyo.

Abin da ya ƙara mini wahala, ba ni da halin in zauna in tambaye ta abin da ke ranta. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama ana hira da shi. Haka na taso na ga ubana yana yi da yayana. Na san 'yan zamani sun watsar da wannan, amma ni bakina ya riga ya saba. In zan yi mata magana in ce "ke", in zan yi maganarta in ce "yarinyar nan". Duk abin da nake son sani sai in zagaya in tambayi uwarta, ita ma uwar ta zagaya ta tambayi ƙanwar yarinyar.

Wata safiya na je bakin titi neman kankana, sai na bi ta gaban shagon Ɗan Iya. Can na hango rigar a rataye a bakin ƙofa. An gama ta tsaf, har da ado a wuya. Iska ta shiga ta cika ta, sai ka ce Bilkisun da ce a tsaye tana jiran a ce ta ɗauki tulu. Na tsaya cak.

"Bawa, shigo mana," in ji Ɗan Iya. "Ko ka zo ka ga abin mamaki ne? Yau ka ga ɗinkin da ya riga salla."

"Yaushe ka yi ta?"

Ya sunkuyar da kai yana zura zare. "Ranar da aka ce an shiga da ita ɗakin aiki. Na ture na kowa na yi nata." Sai ya ɗago. "Kada ka gaya wa mutane, za su ce ashe ina iyawa."

Na ɗaga rigar na duba faɗinta. Bilkisun yanzu biyu za su shiga su bar wuri. Nan take na hango safiyar salla: ta saka, ta ga kanta tana yawo a ciki, ta gane iyakar abin da ciwo ya cinye mata. Daga nan ko loma biyun ma ba za mu samu ba.

Na ce, "A rage ta."

"Kawo ta in auna."

"Ba za ta fito ba. Kuma in ta ga tef za ta gane."

"To kawo wata rigarta da ta yi mata daidai."

"Babu. Duk na da ne. Kayan uwarta take zurawa."

"To ni aljani ne?"

"Ka rage da ido."

"Da ido? In rage ta ƙi shiga, ka zagaya gari kana cewa na cinye maka atamfa? Kai dai ɗan mace ba ya rabuwa da rigima. Je ka kawo awo, ko ta wace hanya."

Na koma gida na gwada Furera. Ta ce, "Malam, ka bar rigar nan. Salla ce, wani kayansa su yi masa yawa, wani su yi masa kaɗan, duk a fita."

Na ce to. Amma to ɗin baki ne kawai.

Washegari bayan Azahar rana ta take, gari ya yi tsit irin na azumin bazara. Yara sun tafi kitso. Furera tana madafa tana tankaɗe. Bilkisu tana kwance a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, uwarta ta lulluɓe ta da farin mayafi har kai saboda ƙuda. Na ce yau ga dama.

Ba ni da tef. Ni manomi ne, in zan auna ƙofar rumbu ko zurfin rami, kara nake ɗauka. Na je wajen tarin karan dawa na zaro dogo miƙaƙƙe, na cire ganyensa. Na dawo a hankali na durƙusa, na shimfiɗa shi a gefenta daga kai zuwa ƙafa, don na lura ciwon kamar ya ƙara mata tsawo. Na karya shi daidai tsayinta. Sannan na gitta shi saitin kafaɗa na yi alama da farce, na gitta saitin ƙugu na sake yi. Da na dubi ɗan abin da ke tsakanin bakin karan da alamar kafaɗa, sai idona ya kawo ruwa. Na share da hannun riga, na yi salati a hankali.

Abin da ban sani ba, Iya Hure tana tsaye a bakin zaure. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu, kullum takan kawo wa mai jiki kunun gyaɗa. Ta ga yarinya a miƙe cikin farin mayafi ba motsi, ta ga uba a durƙushe yana auna ta da kara yana share hawaye. Sai ta ajiye kwanon kunun a ƙasa ta juya da baya.

A wajenmu in mutum ya cika, da kara ake auna tsawonsa a kai wa masu haƙa. Na san wannan kamar yadda na san sunana, ni kaina na sha ɗaukar irin karan nan. Amma ranar nan babu komai a kaina sai riga. Ita kuwa Iya Hure ba ta da waya, amma ban taɓa ganin labarin da ya riga nata isa ba.

Na fice ta ƙofar baya don kada Furera ta gan ni. Na riƙe karan da hannu biyu don kada ya karye, na sunkuyar da kai don kada wani ya tsayar da ni da tambaya. Shagon Ɗan Iya yana can ƙarshen gari, kuma hanyarsa ita ce hanyar maƙabarta.

Da na zo majalisar gindin rimi kusa da masallaci, sai mutane suka miƙe gaba ɗaya. Na yi sallama ban tsaya ba. Zubair, wanda gonarsa ke jikin tawa, ya biyo ni da sauri ya miƙo hannu.

"Mati, kawo in riƙe maka. Ba kai ya kamata ka ɗauka ba."

"Bar shi," na ce, "akwai alama a jiki, kada ka goge."

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Na ɗauka azumi ne.

Na ci gaba. Can sai na fara jin takun mutane a bayana, da ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. Na ɗan waiga. Maza ne jere, wannan da diga, wancan da shebur, wani da galma a kafaɗa, ga Malam Liman a tsakiya yana jan carbi. Na ce a raina, an yi rashi a garin nan. Tun da muka dawo daga asibiti ba na iya tambayar wa ya rasu, don in na ji suna sai in ga kamar saura ƙiris da namu aka faɗa. Na ce bari in miƙa saƙona, in ya so in dawo a yi da ni. Na ƙara sauri. Su ma suka ƙara.

A mararrabar maƙabarta masu diga suka ratse. Sauran suka ga na miƙe wajen tela, suka ce ai likkafani zan karɓo, suka biyo ni.

Na tarar da Ɗan Iya a tsaye. Ya kashe rediyo, ya kwashe kayan sallar mutane daga kan keke, ya warware farin yadi a kan tebur. Tun muna yara ban taɓa shiga wajensa bai zage ni ba sai ranar.

"Ɗan'uwana," ya ce, "zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Ga awon." Na ɗora karan a kan tebur. "Nan tsawo, nan kafaɗa, nan ƙugu. Ka rage daidai, amma ka bar ɗan ninki daga ciki ko za ta murmure. Kuma kada ka yi mini halinka, ranar salla za ta saka."

Ɗan Iya ya dubi Liman, Liman ya dubi Zubair. Sai Liman ya matso ya dafa kafaɗata.

"Mati, yi salati."

Na yi. Sannan na daure na ce, "Allah gafarta Malam, wai wa aka rasa?"

Wani a baya ya ja majina. Zubair ya ce a hankali, "Mati, ina ka baro Bilkisu?"

"Tana barci a gindin darbejiya."

"Haka ne," in ji Liman yana gyaɗa kai. "Barci ne. Dukanmu za mu yi shi."

A nan ne na dubi karan. Na dubi farin yadin. Na dubi fuskokin da suka cika ƙofa. Da mai hankali ne, da sai ya yi dariya ya warware musu. Ni kuwa wani tunani ne ya daki ƙirjina: lokacin da nake auna ta, na ga mayafin yana motsi? Na ji numfashinta? Mutum nawa ne nan, har da Liman, duk su yi kuskure ni kaɗai in yi daidai? Ko dai sun san abin da ban sani ba?

Ban san lokacin da na ture Zubair na fita ba. Rabon da in yi gudu irin wannan tun ranar da saniyar Fulani ta biyo ni ina saurayi. Takalmi ɗaya ya tsaya a gaban shago, hula ta tsaya a mararraba. Jama'a suka rufa mini baya, Liman yana tattare babbar riga, Ɗan Iya da tef a wuya yana kiran a kama ni kada in faɗa rijiya.

Tun daga nesa na ji kukan mata a gidana. Na faɗa zaure, na yi tsalle na tsallake wani kwano, na shiga.

Tsakar gida cike da mata. Furera tana zaune dirshan a ƙasa, gari har gira, tana rusa kuka. A gefenta kuwa ga Bilkisu a zaune a kan tabarma, mayafi a kafaɗa, tana jijjiga hannun uwarta.

Furera ta ɗago ta gan ni. Kukan ya tsaya cak. Matan da ke kusa da ƙofa suka yi kururuwa suka watse, wata ta faɗa kan turmi.

Ga yadda aka yi, kamar yadda aka ba ni labari daga baya. Matan farko sun shigo da salati, hayaniyarsu ta sa Bilkisu ta yaye mayafi ta tashi zaune, na gaba suka kusa tattake na baya. Furera ta fito da rariya a hannu, ta ga ana kuka ana ce mata sai haƙuri. Ta duba ga 'yarta a zaune, ga ƙananan sun dawo daga kitso suna leƙe. Mutum ɗaya ne ba ya nan. Sai ta saki rariya ta ce, "Malam!" Waɗanda suka zo daga baya suka ga yarinya da rai, uwa na kiran miji, suka ce ashe Mati ne. Nan aka juya kukan kaina. Iya Hure da kanta ta ce yanzun nan ta gan ni da ƙafata, Allah mai iko.

Na tsaya ina haki, ƙafa ɗaya ba takalmi. Na dubi yarinyar na ce, "Ke, lafiyarki?"

"Lafiya lau, Baba. Ina ta gaya musu kara kawai ka ɗauka ka fita, ba wadda ta saurare ni."

"Kin gan ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Idona biyu. Na ga kana ta lallaɓawa ne, na ce bari in ƙyale ka ka gama."

Liman ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, maza suka cika zaure suna leƙe. Ya dubi Bilkisu ya yi hamdala, sannan ya juyo kaina.

"Mati, tsakaninka da Allah, me ya haɗa ka da auna mai rai da kara?"

Babu wurin ɓuya. Abin da na yi ta ɓoyewa daga mutum ɗaya, sai ga shi zan faɗa gaban gari guda, kuma a kunnenta.

"Riga ce, Malam," na ce. "Ta salla. Ta yi wa yarinyar nan yawa."

Ɗan Iya ne ya fara. Ya jingina da bango ya zame har ƙasa. "Jama'a ku shaida, tela ake kawo wa kara! Na ce ya kawo awo, ya tayar mini da gari. Har na yanka yadina!"

Daga nan abin ya kama kowa. Matan da hawaye bai bushe musu ba suka koma riƙe ciki. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Furera ta miƙe tana karkaɗe zani, ta ce ita ba kuka take ba, gari ne ya shiga mata ido. Iya Hure ta ce, "To ni me na yi? Abin da ido ya gani baki ya faɗa."

Sai na ji wata murya a ciki da na daɗe ban ji ba. Bilkisu ce, ta danne cikinta da hannu biyu tana dariya tana cewa, "Wayyo ɗinkina, wayyo Inna!"

Na daka tsalle. "Ku daina ba ta dariya! Zai ɓalle! Likita ta ce..."

"Likita ta ce a auna ta da kara?" in ji Ɗan Iya daga ƙasa.

Sai a lokacin Zubair ya tuna da masu diga. Ya fita a guje. Ya same su sun share wuri sun fara sassarar ƙasa, suna ta mitar ba a kawo awo ba.

Da hayaniya ta lafa, maza suka koma zaure, sai Bilkisu ta ce wa uwarta tana son ganin rigar. Na yi wa Furera ido, ta yi kamar ba ta gani ba. Ɗan Iya ya je da kansa ya ɗauko, ya haɗo da takalmina da hulata. Yarinya ta shiga ɗaki da uwarta. Ni ina tsaye jikin rumbu ina jira.

Ta fito. Wuyan rigar ya zame ta kafaɗa ɗaya, hannuwan sun rufe yatsu, jikin yana lilo kamar an rataya a ƙusa. Wannan shi ne abin da na guda. Na zuba wa fuskarta ido. Ta dubi ƙasa, ta ɗaga hannu ɗaya, ta sauke.

"Baba Ɗan Iya, duk wannan ni ce da?"

"Duk ke ce. Har sai da na ja tef na rage miki don kada ubanki ya ji kunya."

Ta tattaro rarar atamfar a ƙugu ta dunƙule a hannu. Ta daɗe tana kallon abin da ta dunƙule. Ɗan Iya ya zaro tef daga wuya ya matso.

"Tsaya in auna ki irin ta mutane, gobe war haka kin same ta daidai."

Ta ja da baya. "A'a. Kada ka yanke mini. Wurina ne, zan dawo cikinsa."

Ni kuwa na juya ina duba jinkar rumbu kamar yau na fara ganinta.

"Inna," ta ce, "Iya Hure ba ta kawo kunu ba yau?"

Kwanon yana nan a zaure inda aka ajiye shi, duk tururuwar mutanen nan ba wanda ya kifar. Aka ɗumama aka kawo. Ta zauna cikin rigar, ta naɗe hannuwa, ta kafa kai. Ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan kwano. Zubair da ya dawo da masu diga, duk sun yi gumi leɓe ya bushe, ya leƙo ya ce, "Ikon Allah. Mai kabari na shan kunu, masu haƙa na azumi."

Da can salla a wajena ɗawainiya ce. Atamfa, shinkafa, kaji, takalman yara, sannan a yi ta zagaya gidaje ana maimaita gaisuwa ɗaya har baki ya gaji. Nakan yi ta ne ina lissafin yaushe za a gama in koma sharar gona. Amma ranar Idin nan da muka jeru a fili, sai na samu kaina ina duba sahu. Ga wanda ya ɗauko diga, ya sha shadda sai ƙamshi yake. Ga mai galma, da hula sabuwa. Ga wani da muka yi shekara ba ma ga maciji saboda akuyarsa ta ci mini rogo, ashe shi ya fara kai sara. Da rana tsaka, da azumi a bakinsu, ba wanda ya aika musu. Da aka shafa fatiha ban yi saurin neman takalmi ba. Na bi su ɗaya ɗaya ina ba su hannu, kowa ya riƙe nawa sai ya tambaye ni ina kara.

Da na dawo gida na tarar Furera ta kama rigar da fil ta baya, ta ɗaura mata ɗankwali. Bilkisu ta ce ita za ta kai tuwon salla, kuma duk gidan da aka fito dominta sai ta shiga sun gan ta da ƙafarta.

Na ce wa Furera, "Gaya wa yarinyar nan rana ta yi zafi."

Furera ta ce, "Tana jin ka."

Suka fita ita da ƙanwarta, ƙanwar na ɗauke da kwanuka. Na ɗan jira, sannan na ce bari in duba ko tunkiyarmu ta tsinke. Tunkiyar tana ɗaure a gabana, amma na fita nemanta, kuma aka yi dace duk lungun da yaran suka bi nan na bi.

Kowane gida suka shiga sai in ji guɗa. Gidan Iya Hure aka ba ta funkaso. Gidan mai galma aka ba ta cinyar kaza. Gidan mai akuya ban san me aka ba ta ba, amma ta fito tana lasar yatsa. Hankalina ya fara tashi ta wani ɓangaren. Hanjin da aka ɗinke jiya jiya, zai ɗauki wannan lodi?

A gidan Zubair na kasa daurewa. Na yi sallama a zaure, na same shi zaune da kwanon waina da miyar taushe.

"Mati, me kake nema?"

"Tunkiya."

"Ta shiga ciki, ana zuba mata waina."

Na matsa bakin ƙofar ciki na ɗaga murya. "A gaya wa yarinyar nan ta yi kaɗan-kaɗan."

Matan ciki suka kwashe da dariya. Sai muryarta ta fito, da ƙarfi irin na da.

"A gaya wa Baba ko gidan Liman ban je ba tukuna!"

Zubair ya jawo gefen rigata ya turo kwano gabana. "Zauna ka ci, kai ma ka rame."

Na zauna na sa hannu. Amma kunnena yana ciki, ina jin ana kankare ƙasan kwano.